Casa'in a Murfi, Ɗari da Hamsin a Ciki

An yi wani mutum a wannan tsibiri namu, kuma ba zan kama sunansa ba. Dattawan cikinku za su gane shi tun ban yi nisa ba. Ku riƙe a ranku. Shi da bakinsa ya ce in ba da labarin nan bayan ransa, amma in bar sunan saboda 'yarsa tana nan da rai. Makon jiya muka binne shi, alkawari kuwa kaya ne.

Ya 'yan uwa, mutumin nan ba mashayi ba ne, ba ɓarawo ba ne. Shekara talatin yana aiki a ma'aikatar gyaran kifi, ba a taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba. A wancan benci na uku yake zama, kusa da taga. Da a ce a lokacin an tambaye ni wa zai rushe gidansa da hannunsa, sai na gama nuna kowa a ɗakin ibadar nan kafin in kai kansa. Abin da ke ba ni tsoro ke nan.

Matarsa Gunvor 'yar tsoho Torleiv ce, mai kamun ƙaguwa. Da tsohon ya ga ƙarfinsa ya ƙare, sai ya ba surukinsa jirginsa. Kun san irinsa: buɗaɗɗen jirgi mai ƙafa goma sha takwas, sitiyari a tsakiya, inji rataye a baya. A gefen sitiyarin akwai ɗan allon ƙarfe da maƙerin jirgin ya kafa, an rubuta mutum shida, inji kuma kada ya wuce ƙarfin doki casa'in. Ranar da za a miƙa makulli, Torleiv ya ɗora yatsa a kan allon nan a gaban 'yarsa, ya ce wa surukin, "Wanda ya ƙera shi ya fi ni da kai sanin ƙashinsa. Kada ka wuce wannan." Mutumin ya ce ya ji, ya kuma ba shi hannu a kai.

Ita Gunvor, duk da a nan aka haife ta, tsoron teku take yi. Ta ga mata da yawa sun tsaya a bakin ruwa suna jiran wanda bai dawo ba. Sau ɗaya take shiga ƙaramin jirgi a shekara, ranar Asabar ɗin nan ta farkon bazara da muke tsallakawa Tsohon Tsibiri mu share kaburburan iyayenmu. Kun san yadda muke yi. Jirgin da ya ɗauko wanda ya fi kowa tsufa shi ne a gaba, saura na biye a jere, a hankali, kuma ba a wuce na gaba. Bayan rasuwar Torleiv, Gunvor ba ta taɓa fashin wannan rana ba. Takan shiga da furanninta da butar kofi, ta riƙe gefen jirgi da hannu biyu har a isa.

Haka aka yi shekara ashirin lafiya lau. Injin ya tsufa, yana hayaƙi, yana ƙara kamar keken ɗinki, amma yana kaiwa yana dawowa.

Sai maƙwabcinsa Halvard ya sayo sabon jirgi mai ƙaton inji. Halvard ba mugu ba ne, baki ne da shi. Duk safiyar da mutumin nan ya tayar da tsohon injinsa, sai Halvard ya leƙo ya ce, "Sannu da aiki, tela! Yau wando ake ɗinkawa ko riga?" Maza su kwashe da dariya. In sun fita kamun kifi, Halvard ya wuce shi kamar yana tsaye, ya ɗaga masa hula, ya ce, "In ka iso gobe ka gaishe su!"

Mutumin yakan yi dariya shi ma. Amma dariyar ba ta wuce haƙora. Maganar tana shiga tana zama, yau kaɗan, gobe kaɗan. Me ya rasa, ya 'yan uwa? Kifi ya daina cin ƙugiyarsa? Yunwa ake yi a gidansa? Ko ɗaya. Abin da ya rasa kawai shi ne a ce ya wuce Halvard.

Ya ji labarin wani inji na hannu a can babban gari, mai doki ɗari da hamsin. Ya je ya gani, ransa ya biya, ya saya. Ya jawo jirginsa zuwa wurin Oddvar makaniki, ya ce a sauke tsohon a ɗora sabon.

Oddvar bai ko kalli sabon injin ba. Ya zagaya bayan jirgin, wurin bangon da ake rataya inji. Bangon nan katako ne a ciki, an lulluɓe shi da roba mai tauri ciki da waje, ido ba ya ganin halin da katakon yake ciki. Oddvar ya ɗauki ƙotar guduma ya riƙa ƙwanƙwasawa yana kasa kunne. Ta sama yana jin ƙwas-ƙwas. Da ya sauko ƙasa sai sautin ya mutu, kamar ana buga jiƙaƙƙen buhu. Ya ɗauko abin huji ya huda ɗan rami. Maimakon farin garin katako, sai wani baƙin abu ya biyo, jiƙe sharkaf, yana wari. Ya murza shi a yatsa, ya miƙa wa mutumin.

Ya ce, "Shinshina. Katakonka ya ruɓe. Ko casa'in ɗin da aka rubuta ba zan ɗora masa ba sai an fasa bangon nan an sa sabon katako. Wannan ƙaton kuwa, ko an sa sabo, ba zan ɗora ba."

Mutumin ya ce, "Haba Oddvar, ka cika tsoro. Mu lafta masa faifan ƙarfe mana, ya riƙe."

Oddvar ya ce, "Ƙarfe a kan ruɓa? Kamar ka sa wa gawa sabuwar riga ne. Ɗauki jirginka, ɗan'uwa. Ba da hannuna ba."

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya aiko masa da mai faɗa masa gaskiya, kyauta, da rana tsaka, har ya sa masa ruɓar a tafin hannu. Wane gargaɗi ne ya rage kuma?

Ya ja jirginsa ya kai rumfarsa ta bakin ruwa, ya rufe ƙofa. Ya toshe ramin da Oddvar ya huda, ya shafe da fenti. Ya sayo faifan ƙarfe mai walƙiya ya rufe bangon da shi. Ya ɗaga injin da sarƙa shi kaɗai, ya ɗaure shi da manyan kusoshi. Kusoshin suna shiga katakon ba gardama, shi ma ya ji hakan a hannunsa, ya ci gaba da ɗaurewa.

Saura Gunvor. Ya san in ta ga ɗari da hamsin a rubuce ba za ta sa ƙafa a jirgin ba, kuma za ta tuna masa da hannun da ya ba mahaifinta. Sai ya yi abin da na fi jin nauyin faɗa. Ya aika ta gidan waya aka kawo masa sitika, takardar mannawa mai lamba casa'in. Ya zauna da wuƙa ya kankare lambar gaskiya daga murfin injin, ya goge wurin tas, ya manna casa'in. Ya gaya mini ya fi awa biyu yana daidaita ta don kada ta karkace.

Ku lura da yadda abin ya tafi. Girman kai ne ya fara shigowa. Da ya zauna sai ya kira taurin kai. Su biyun suka ga ba za su iya aikin su kaɗai ba, suka aika a kira ƙarya.

Ranar da ya saka jirgin a ruwa, Gunvor ta sauko da kofi. Ta tsaya tana kallon injin, ta ce, "Wannan ai ya yi biyun wancan."

Ya ce, "Na zamani duk haka suke, ƙiba ce kawai. Karanta da kanki."

Ta sa tabarau ta karanta. Ta je ta duba allon mahaifinta, ta dawo ta sake duba murfin. Ta ce, "To, madalla. Baba zai kwanta lafiya." Ta zuba masa kofi.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, don ban zo nan in wanke kaina ba. Mu maza da ke matsayar jirage mun gani. Wanda ya girma a bakin ruwa ba ya bukatar karanta murfi. Mun ga bayan jirgin ya zauna cikin ruwa, gabansa ya ɗaga. Mun ga 'yan kafofin da ruwa ke fita ta cikinsu sun nutse, har ruwa na komowa ciki ta nan. Mun ji muryar injin. Halvard ya yi fito ya ce, "Casa'in ɗin nan taka ta ci abinci sosai!" Aka yi dariya, aka ƙifta ido. Ni ma ina wurin, na yi murmushi. Kun san halinmu a nan: ba a yi wa mutum magana a kan jirginsa. Muna kiran wannan ladabi. Gunvor tana wucewa ta gabanmu kullum za ta kanti, muna gaisawa, ba wanda ya buɗe baki.

Asabar ɗin share kaburbura ta zo. Gari ya waye garau, ba iska, teku kwance. Jirage goma sha huɗu muka tashi. Mutumin ya ce wa matarsa ta zauna can gaba, wai don kada hayaƙi ya dame ta. Gaskiyar kuwa nauyinta yake so ya danne gaban jirgin. Ta zauna da rigar ceto a jikinta, furanni a cinya. Halvard ne ya ɗauko tsohuwar da ta fi kowa shekaru a ranar, don haka shi ne a gaba. Mutumin nan shi ne na biyar, ni ina bayansa.

Muna tsakiyar mashigin ruwan da ya raba tsibiran biyu sai Halvard ya waiwayo, ya ɗaga masa hula. Wasa ne irin na kullum, ba komai a ransa.

Na ga bayan mutumin ya miƙe. Na ga hannunsa ya tafi kan abin ba da wuta. Jirgin ya fita daga layi, ya ɗaga kai, ya zabura. Ya wuce na huɗu, ya wuce na uku, ya wuce na biyu. Abin da ba a taɓa yi ba tun kakanninmu, ya wuce jirgin gaba, a ranar ziyarar matattu. Na ji Gunvor ta kira sunansa sau ɗaya. Furanninta suka tashi sama suka watse a ruwa.

Babban jirgin fito bai daɗe da wucewa ba, igiyar ruwan da ya bari tana tahowa. Da tsohon inji ne, da ya hau ta ya sauka ba komai. Da wannan gudu kuwa, jirgin ya tashi gaba ɗaya ya bar ruwa. Da ya faɗo, muka ji ƙara kamar an karya ƙofa. Bangon baya ya yage, da faifan ƙarfen da kusoshin da komai. Injin ya tafi ƙasa. Gunvor ta bugu da ƙarfen gefe, ta faɗa ruwa. Teku ta shigo ta baya, kafin mu iso jirgin ya kife.

Duk abin bai kai minti ɗaya ba. Halvard ne ya tsamo ta, yana kuka kamar yaro. Ni na jawo mijin, ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Jirgi mai saukar ungulu ya kai ta asibitin babban gari. Ƙashin bayanta ya karye, ruwa ya shiga huhunta. Kwana biyu ba ta san inda take ba. A rana ta uku da hantsi ta farfaɗo, ta ga mijinta zaune a gefen gado. Likita ya riga ya gaya masa ba za ta kai mako ba.

Ta dube shi ta ce, "Gudun nan, ban taɓa ganin casa'in ta yi shi ba. Gaya mini, doki nawa ne?"

Ya 'yan uwa, ku tsaya nan ku yi tunani. Allah ya sake buɗe masa ƙofa. Su biyu ne a ɗakin. Wadda ya zalunta ce da kanta take tambaya, da sauran numfashinta, kuma na san Gunvor, mace ce mai yafiya. Kalma uku kawai ake nema daga bakinsa. Da ta yi kuka, da ta juya masa baya na awa ɗaya, mai yiwuwa kuma da ta yafe. Me zai rasa wanda bai riga ya rasa ba?

Ya ce, "Casa'in ne. Ke ma kin karanta."

Ta lumshe ido, ta lalubo hannunsa. Ta ce, "To, tsufan jirgi ne, kuma kwana ne ya ƙare. Gudun da ka yi na yafe maka, ku maza ba ku girma. Tunda ka riƙe amanar Baba, kada ka zargi kanka." Washegari da rana ta cika.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Bayan kwana tara masu nutso suka ɗago injin daga ƙasan mashigi. Aka ajiye shi a matsayar jirage a gaban hukuma, ga casa'in a murfi tana ƙyalli, ruwan gishiri bai ko ɗaga ta ba. Aka kira Oddvar. Ya cire murfin, ya nuna lambar da aka buga a jikin ƙarfen injin, wadda wuƙa ba ta kankarewa. Ɗari da hamsin. Guntun bangon yana nan maƙale da kusoshi, Oddvar ya sa yatsa a katakon, yatsan ya shige. Ya goge hannu ya tafi gida.

'Yarsu tana tsaye a wurin. Ta dubi ubanta ta ce, "Mama ta sani?" Ya sunkuyar da kai. Da yamma ta bi jirgin fito, ba ta sake kwana a gidansa ba.

Hukuma ta yi nata hukuncin, ya yi 'yan watanninsa a tsare ya fito. Wannan ba komai ba ne. Ya dawo gidan da babu kowa. Ya bar aiki. Ya daina zuwa nan. Bai sake taka ƙaramin jirgi ba, Tsohon Tsibiri kuwa ba a zuwa sai da ƙaramin jirgi, don haka shekara goma sha ɗaya bai ga kabarin matarsa ba. Duk ranar share kaburbura yakan tsaya a ƙarshen matsayar jirage yana kallonmu har mu ɓace. Halvard ya sayar da nasa jirgin a shekarar. Shi ne yake share kabarin Gunvor har yau.

Da ciwon ajali ya kama shi bana, ya aika a kira ni. Na same shi a kujera, ya rame, kofi ya huce a gabansa. Na yi masa maganar rahamar Allah, na ce ai ko Gunvor ta yafe masa, kowa ya ji labarin haka.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Ta yafe wa mutumin da ya riƙe amanar ubanta. Ni ban san wannan mutumin ba. Abin da na yi, ta tafi ba ta san shi ba. Na saci jirgin ubanta da ƙarya, na saci ranta, da ta zo mutuwa kuma na saci yafiyarta. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da ita, ba ta yi mini amfanin komai ba, kuma babu wanda zan mayar wa."

Na ce ya roƙi Allah, shi ne ya san abin da ke ƙarƙashin murfi tun farko, kuma ƙofarsa ba ta rufuwa sai numfashi ya yanke. Muka yi addu'a tare. Ko an karɓa, ba ni da sani, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa ne. Da zan tafi ya buɗe aljihun tebur ya ba ni wani abu. Ga shi nan a hannuna, na baya ku ɗaga kai ku gani. Allon ƙarfen nan ne, ya ciro shi daga gawar jirgin. Har yanzu ana karantawa: mutum shida, doki casa'in.

To, ya 'yan uwa, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wanda ya halicce mu ya kafa wa kowannenmu iyaka, ba don ya ƙuntata mana ba, sai don ya fi mu sanin ƙashinmu. Kai da kake jin dariyar maƙwabci tana cin ranka, me kake shirin ɗora wa gidanka don ka wuce shi? Kai da aka sa maka ruɓa a tafin hannu aka ce shinshina, gyarawa za ka yi ko faifan ƙarfe za ka nemo? Wace lamba ka manna wa matarka, ko mijinki, ko 'ya'yanka, wadda ka san ba ita ce a ciki ba? Sun yarda ne ba don sun iya karatu ba, sai don kai ne ka faɗa.

Mu kuma masu tsayuwa a bakin ruwa muna ƙifta ido, kada mu ce ba ruwanmu. Maza sun fi ashirin da suka san gaskiyar injin nan. Da ɗaya daga cikinmu ya tare Gunvor a hanyar kanti ya ce mata kalma ɗaya, da yau tana zaune a bencin can na uku. Ni ban faɗa ba. Ina ɗauke da wannan, kuma zan tsaya da shi a gaban Allah.

Wanda yake da gaskiyar da ya ɓoye wa wani, ya je ya faɗa yau, tun mai ita yana ji yana gani. Kada ka ce sai an sami lokaci. Mutumin nan an ba shi lokaci har a bakin gadon mutuwa, ya mayar da shi.

Ya Allah, ka raba mu da girman kan da ke sa mutum ya wuce iyakarsa. Ka ba mu kunnen jin gargaɗi da bakin faɗar gaskiya ko da za a ji haushinmu. Ka jiƙan Gunvor, ka sanyaya zuciyar 'yarta, bawan nan naka kuma ka dube shi da idon rahama. Allah ya kiyaye mu da yafiyar da aka samo da ƙarya, ya kiyaye waɗanda suka shiga jirginmu don sun yarda da mu. Amin.